Jirgin da ya wuce kafin a ji ƙararsa, wai ya fi sauti gudu ke nan?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana ku zo ku raba mana gardama, tun jiya da la'asar muke musu a majalisa har magariba ta tashe mu ba wanda ya sauko. Muna zaune ƙofar shagon abokinmu mai faci sai muka ji rugugin jirgi, kowa ya ɗaga kai wajen da ƙarar take fitowa, wayam ba komai, can sai wani yaro ya nuna mana shi ashe ya yi gaba sosai har ya kusa ɓacewa ta gabas. Shi ne mai facin ya ce ai irin jiragen nan ne da suka fi sauti gudu shi ya sa ya baro ƙararsa a baya. Ni kuma na ce anya kuwa, don jirgin fasinja ne fari fat da shi har da farin layin nan da suke ja a baya. To wa ya fi gaskiya? Kuma wai shi sautin ma dama gudu yake yi?

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Mai faci ya fi ka gaskiya Baban Ummi, abin ai a fili yake baya buƙatar boko. In ka ga na riga ka zuwa Zariya ai na fi ka gudu ke nan, jirgi yana gaba ƙara tana baya, to me ya rage

Maman Walid: Ni ma haka na ɗauka wlh, kullum in jirgi ya wuce sai yara su yi ta neman shi a inda babu shi

Malam Fiziks: Wa alaikumus salam Baban Ummi, kai ne da gaskiya, a gaya wa mai faci ya tsaya kan tayarsa hhh. Sauti yana gudu mana, kuma gudun nasa ba wani abin a zo a gani ba ne in aka gwama shi da haske. A iska mai matsakaicin zafi, digiri 20, sauti na cin mita 343 a sakan ɗaya, wato wajen kilomita 1,235 a awa. Haske kuwa kilomita 300,000 yake ci a sakan ɗaya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ko bai san lissafin ba, ka hango mai faskare daga nesa, gatari ya sauka kan icce shiru, sai ya ɗaga shi sama sannan ka ji ƙwas. Ko ranar hawan sallah 'yan bindiga su harba daga can ƙarshen fili, hayaƙi ya tashi tukuna sannan ƙarar ta iso. Mai faskaren nan ai bai fi sauti gudu ba Direba, yana tsaye ma wuri ɗaya. Nisa ne kawai. To jirgin fasinja yana sama wajen kilomita 10 zuwa 11, kafin ƙararsa ta sauko ƙasa an yi fiye da sakan 30, shi kuma yana cin mita 250 duk sakan, ka ga ya yi gaba da wajen kilomita 8 ke nan. Kunnenka yana nuna maka inda yake ɗazu, idonka yana nuna maka inda yake yanzu. Ko jirgi mai farfela haka zai yi maka in ya yi nisa.

Direban Tirela: To Malam na ji wannan. Amma in haka ne meye bambancin, wanda bai kai gudun sauti ba ƙararsa a baya, wanda ya wuce ma ƙararsa a baya, ashe duk kanwar ja ce lamba ce kawai turawa suka sa don su burge mu

Malam Fiziks: Yawwa nan ne inda maganar take. Ba lamba ba ce kawai, iskar ce gaba ɗaya take canza hali. Ka san masu baro a Kantin Kwari? Ya ɗauko dila biyu yana tafe yana hanya hanya, a gafara, a gafara, mutanen da ke gabansa tun bai iso ba sun ji, kowa ya ɗan karkace, ya wuce sumul su koma su haɗe a bayansa. Haka jirgi yake da iska. Yana tura iskar da ke gaban hancinsa, ita kuma ta tura ta gabanta, wannan turin yana tafiya gaba da gudun sauti, don shi sauti ba komai ba ne illa turin nan da iska ke miƙa wa juna. Muddin jirgin bai kai gudun ba, labarinsa ya riga shi isa, iska ta dare ta ba shi hanya. Wannan shi ake kira sabsonik. Yanzu ɗauka mai baron nan ya fi muryarsa gudu. Kafin a gafara ta isa kunnen kowa shi ya riga ya iso da dilarsa, ba wanda ya kauce, sai karo, mutane su cunkushe a gaban baron. To in jirgi ya wuce gudun sauti, sufasonik ke nan, iskar gabansa ba ta da labari sam, tana zaune lafiya sai ta ji an banke ta. Sai ta matse wuri ɗaya ta zama wani siririn bango na iska mai matsi, kaurinsa bai kai silin gashi ba amma daga wannan gefen zuwa wancan matsi da zafi sun yi tsalle lokaci guda. Wannan bangon in ya iso kunnenka shi ne kake jin dummm kamar an tashi bam. Kuma ga alamar da za ka gane, jirgin da bai kai gudun sauti ba in ya nufo ka za ka ji shi yana tahowa tun daga nesa ƙarar tana ƙaruwa. Wanda ya wuce gudun kuwa shiru za ka ji tsit har ya gifta kanka, sannan ƙarar ta faɗo maka gaba ɗaya.

Maman Walid: Kai Malam Allah ya ƙara basira, da haka ake koya mana a makaranta da ban gudu ajin gwamnati ba

Tsohon Soja: Malam ya faɗi gaskiya, mu da kunnenmu muka koya ba a allo ba. Lokacin muna horo in aka je filin harbi akwai waɗanda ake sawa cikin rami ƙarƙashin allunan da ake harbi, su ne masu ɗaga allo da nuna inda harsashi ya samu. In kana cikin ramin nan abin da za ka fara ji a saman kanka tas! ne mai kaifi kamar an tsinka maka mari a kunne, sai bayan ɗan tsakani ka ji dum daga can inda mai harbin yake kwance. Ƙara biyu harsashi ɗaya. Ranar farko na zaci mutum biyu ne suka harba, sajan ya ce kai ƙauye, ta farkon harsashin ne da kansa yake yaga iska, ta biyun ita ce bakin bindigar. Harsashin AK 47 yana fita da wajen mita 700 a sakan, ya ninka sauti ke nan. Kuma tsakanin tas da dum ɗin nan da shi ake kintatar nisan mai harbi, in sun zo kusan tare yana kusa, in da rata yana nesa. Shi ya sa in na ga fim an harba bindiga daga nesa jarumi ya ji ƙara sannan ya goce sai in yi dariya kawai, me za ka goce wa, abin ya riga ya wuce ko ya riga ya same ka

Auta: Baba Allah ya ƙara girma, ashe kun sha kallo. Malam ni tambayata meye Mak ɗin nan da ake cewa Mak 1 Mak 2

Malam Fiziks: Auta sunan mutum ne, Ernst Mach, masanin fiziks ɗan ƙasar Ostiriya, shi ne a 1887 ya fitar da hoton harsashi yana tafiya da bangon iskar nan a gabansa, abin da Baba ya ji da kunne shi ya gan shi da kyamara. Mak 1 daidai gudun sauti, Mak 2 ninki biyu, haka dai. Dalilin da ya sa ba a cewa kilomita kaza kawai shi ne gudun sautin kansa ba tsayayye ba ne, zafi yake bi. Cikin zafin Afrilu a Sakkwato digiri 40 zai kai mita 355 a sakan, da asubar hunturu ya sauko ƙasa da 340. Can sama inda jirage ke bi sanyi ya kai digiri 56 ƙasa da sifili, sauti mita 295 kawai yake yi, wajen kilomita 1,060 a awa. A ruwa kuma kusan mita 1,500, a ƙarfe ya haura 5,000, shi ya sa yara ke kara kunne a layin dogo, kar dai wani ya je ya gwada ya ce ni na aike shi.

Direban Tirela: To tsaya Malam na kama ka. Akwai jirgin British Airways da aka yi ta yaɗawa ya taso daga New York zuwa Landan ƙasa da awa biyar, an ce gudunsa ya wuce kilomita 1,300 a awa, kuma jirgin fasinja ne na kowa da kowa. 1,300 ai ta fi 1,235 ko lissafin ma an canza shi

Injiniya: Hhh Direba ba ka saki ba har yanzu. Labarin gaskiya ne, Fabrairun 2020 ne, Boeing 747, awa 4 da minti 56. Amma iska ce ta goya shi. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ranar kuma ana guguwa ta ƙara ƙarfi, jirgin yana cikinta tana tafiya da shi. Kamar ka shiga kwale-kwale a Yawuri ka bi ruwa inda ya nufa, na bakin gaɓa zai ga kana sheƙa gudu alhali kai da ruwan da ke ƙarƙashinka tuƙin da ka saba ne. Mak da iskar da ke kewaye da jirgi ake auna shi, ba da ƙasa ba. A cikin iskarsa yana nan wajen Mak 0.85 ɗinsa bai fasa komai ba.

Kuma bari in ƙara kan bayanin Malam, don akwai wani yanki a tsakiya da ya fi ko'ina wahala, daga wajen Mak 0.8 zuwa 1.2. Iskar da ke bi ta saman fiffike ta fi jirgin kansa gudu saboda lanƙwasar fiffiken, don haka tun jirgi yana 0.8 da wani abu wani sashe na iskar saman fiffike ya riga ya haura Mak 1, ƙananan bangayen nan su fara tsirowa a kai, iska ta ɓalle daga jikin fiffiken, jirgi ya kama karkarwa, jan da iska ke yi masa baya ya yi tsalle. Lokacin yaƙin duniya na biyu matuƙa in suka yi nitso da gudu sai su ji sitiyarin ya ƙage hancin yana ƙara dulmiya ƙasa, an rasa rayuka a haka, har aka fara cewa akwai katanga a sama da ba ta fasuwa. Shi ya sa ka ga fikafikan jiragen fasinja a karkace suke baya, dabara ce ta jinkirta wannan matsalar, kuma shi ya sa duka suka tsaya 0.78 zuwa 0.85. Ba injin ne ya gaza ba, mai ne zai ƙone a banza.

Auta: To waye ya fara fasa katangar yaya Injiniya

Injiniya: Chuck Yeager, sojan saman Amurka, ranar 14 ga Oktoban 1947 a saman hamadar Mojave ta Kalifoniya. Jirgin sunansa Bell X-1, injin roka ne da shi, kuma siffar harsashin babbar bindiga aka kwaikwaya aka yi jikinsa, don masu ƙirar sun ce mu dai mun san harsashi yana wuce sauti lafiya lau to bari mu yi harsashi mai fiffike. Ba ma daga ƙasa ya tashi ba, a cikin wani babban jirgi B-29 aka rataye shi aka kai shi sama aka sake shi. Ya kai Mak 1.06. Abin dariyar kwana biyu kafin nan doki ya kayar da shi haƙarƙari biyu suka karye, ya ɓoye wa manyansa don kar a ba wani, hannun dama ba ya iya rufe ƙofar jirgin sai guntun sandar tsintsiya abokinsa ya yanko masa ya maƙala ya rufe da hagu

Tsohon Soja: Wannan soja ne na gaske, ciwo a gaban oga ai babu shi

Direban Tirela: To shi ke nan na gane yanzu, ƙarar nan dum ita ce lokacin da jirgi ya fasa katangar, da ya fasa ya wuce shi ke nan sai shiru

Malam Fiziks: A'a Direba nan ma ka ɗan kauce, kuma ba kai kaɗai ba kusan kowa haka yake zato saboda kalmar fasawa ɗin nan. Ba sau ɗaya ba ne. Muddin jirgi yana sama da Mak 1 bangon yana nan manne da shi yana jan sa, siffarsa kamar mazurari, tsinin a hancin jirgi faɗin ya buɗe ta baya har ya taɓo ƙasa. Injiniya ya kawo kwale-kwale, to ka ga mai inji in yana gudu yadda yake jan igiyar ruwa biyu a bayansa sun buɗe kamar baki, duk wanda ke wanki a bakin ruwa sai ta zo ta dake shi sau ɗaya, amma ita igiyar ai tana nan tana bin jirgin har inda zai tsaya. In jirgi ya taso Kano zuwa Maiduguri a sama da gudun sauti, Wudil za su ji dum, Azare su ji, Potiskum su ji, Damaturu su ji, kowa a lokacinsa kuma kowa zai rantse a kansa aka fasa. Sau da yawa ma biyu ake ji dum dum, ɗaya na hanci ɗaya na wutsiya. Shi kuwa matuƙin ba ya jin komai, abin yana bayansa.

Maman Walid: Ikon Allah. To su na ciki in suna hira suna jin juna kuwa tunda sun fi maganar tasu gudu

Injiniya: Suna ji ras Hajiya, iskar cikin jirgin ai tare suke tafiya da ita, kamar ɗaki ne

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar lokacin da sojan Faransa suke Yamai da jiragensu Mirage, kafin su kwashe a 2023, in sunka tashi gari duka sai ya ɗauka, mutane na cewa sun fasa sauti. To yanzu da bayanin Malam na gane rugugin inji ne kawai, don muna jin su suna tahowa. Amma akwai wani labari da ya shafe mu da ban ga kowa ya kawo ba. Ranar 30 ga Yunin 1973 anka yi husufin rana babba da ya ratsa Sahara, sai masana sunka ɗauki Concorde, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, na gwaji na farko, sunka huda mashi tagogi a rufi, ya taso daga tsibiran Kanari ya shiga inuwar wata yana bin ta da gudu Mak 2, ta saman Muritaniya da Mali da Nijar, ya sauka Fort Lamy wadda ta koma Njamena. Wanda ke tsaye ƙasa minti 7 ya samu na duhu in ya yi sa'a, su kau minti 74 sunka yi cikin inuwar. Wanga abu saman ƙasarmu anka yi shi

Baban Ummi: Kai Ɗan Maraɗi ka zo da sabo, wato tsere suka yi da inuwa. Wai ina Concorde ɗin nan ya shiga ne, muna yara hotonsa ne a bangon littafin rubutu da dogon hancinsa kamar zalɓe

Injiniya: Yana gidajen tarihi yallaɓai. Ingila da Faransa suka haɗu suka ƙera shi, ya fara tashi 1969, ya fara ɗaukar fasinja 21 ga Janairun 1976, ranar ma na Air France ta Dakar ya bi zuwa Rio. Rasha ma sun yi nasu Tu-144 har ya riga shi tashi da 'yan watanni amma bai daɗe yana jigila ba. Concorde yana tafiya Mak 2, kusan kilomita 2,200 a awa, a tsayin kilomita 18. Landan zuwa New York awa uku da rabi, alhali bambancin agogonsu awa biyar ne, wato ka tashi ƙarfe goma da rabi na safe ka sauka agogon can bai kai goma ba. Matsewar iska tana dafa jikinsa, hancin yana kai digiri 127 duk da sanyin da ke wajen, jirgin yana miƙewa ya ƙara tsawo kusan taƙi guda in ya huce ya koma. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi aiki. A Yulin 2000 ɗaya ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Paris mutum 113 suka mutu, aka dawo da shi aiki amma kasuwar ba ta dawo ba, Oktoban 2003 aka ajiye shi

Maman Walid: Ni dai da za a dawo da shi a sa wa alhazai, zaman jirgin nan awa huɗu da wani abu zuwa Jidda ƙafata har kumbura ta yi

Direban Tirela: Ina bayanki Hajiya. Ni fa a ganina ci baya aka yi, a ce kakanninmu sun ga jirgi mai Mak 2 mu kuma jikoki muna tafiya da rabin gudun, waya kullum sabuwa amma jirgi ya tsaya cak shekara hamsin. Akwai dai wata a ƙasa

Injiniya: Ba wata a ƙasa Direba, kai da kanka za ka ƙi sayen shi in lissafin mota ka yi masa. Kujera 100 gare shi, 747 kuwa yana kwashe alhazai sama da 400 a sawu ɗaya. Mai kuma wajen lita 25,000 yake sha a awa, tankar nan taka mai lita 33,000 ba za ta kai shi awa ɗaya da rabi ba. Raba wannan kan mutum 100 ka gaya min kuɗin kujera. Sannan ga mazurarin da Malam ya faɗa, daga tsayin da yake bi faɗin inda ƙarar ke dukan ƙasa ya kai wajen kilomita 80. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne, a lissafi awa biyu ta isa, amma kusan duk tafiyar saman Chadi da Sudan ce, duk garin da ke ƙarƙashin layin da dabbobinsu sai sun sha dum dum kowane sawu dare da rana har a gama jigila. Amurka sun gwada a kan mutanensu, 1964 a birnin Oklahoma wata shida jiragen soja suna yi musu sau takwas a rana don a ga ko za su saba, ƙorafi dubbai ya taru na fasassun gilasai da tsagewar bango, 1973 suka hana jirgin farar hula wuce gudun sauti a saman ƙasarsu. Shi ya sa Concorde sai ya fita teku yake wuce gudun sauti

Direban Tirela: Man na yarda, wannan yarena ne. Amma ƙara dai a saba mana, mu da muke kwana da janareton maƙwabci

Tsohon Soja: Ɗana ba irin wannan ƙarar ba ce, ta janareto tana zuwa ta zauna kunne ya saba. Wannan ba sallama take faɗowa, a ƙirji kake jin ta. Kuma a yanayin da muke ciki a arewa ka yi dum biyu a saman kasuwa ka ga yadda za a tattake juna

Malam Fiziks: Baba ya gama magana. Ana dai ƙoƙari, NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suna da wani jirgin gwaji X-59 mai hanci zaƙwal kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa, nufinsu bangayen su rarrabu kar su haɗe su zama ɗaya, ƙarar ta dawo kamar an rufe ƙofar mota daga nesa. Ya fara tashi Oktoban 2025. Ni dai ko ya yi nasara ban ga ya sauko da kuɗin mai ba, na masu hannu da shuni ne zai zama

Auta: Malam mu namu na sojan Najeriya fa da suke wucewa da ihu

Injiniya: Ya danganta Auta. Alpha Jet ihu ne kawai bai kai gudun sauti ba, Super Tucano ma farfela ce da shi. F-7 na China da JF-17 guda uku da aka karɓo daga Pakistan a 2021 su suna iya wucewa, amma iyawa daban yi daban, ba a cika yi a saman gari ba kuma mai yake ci kamar hauka. Wani abu da ya fi ba ni mamaki lokacin muna karatu, ka san in kana wankin mota ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwa ya ƙara tsiri? Iska ma haka take ƙasa da gudun sauti, ka matse mata hanya ta ƙara gudu. To da ta haura Mak 1 sai abin ya juye, matsewa rage mata gudu yake, buɗewa ce ke ƙara mata. Shi ya sa bututun roka yake tsukewa a wuya sannan ya buɗe kamar bakin kakaki. Ranar da malaminmu ya rubuta wannan a allo rabin aji cewa muka yi ya yi kuskure

Baban Ummi: Wato mu talakawa ba mu da rabo a sufasonik ɗin nan ke nan sai kallo

Malam Fiziks: Ka taɓa yi da hannunka ma Baban Ummi in ka yi tsaron gona. Bulalar nan da muke tufkawa da rama doguwa mai siririn baki, ka wulwula ta ka fizgo ta yi tau tsuntsaye su watse, ba wani abu ta daka ba fa, iska ce. Lanƙwasar tana gangarawa daga kauri zuwa siriri tana ƙara gudu har bakin ya wuce gudun sauti. Tsawa ma danginsu ɗaya, walƙiya ta ƙona iska nan take ta buɗe da ƙarfi. Kuma ga aikin gida, in kun ga walƙiya ku ƙirga sakan har ku ji tsawar ku raba uku, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita

Direban Tirela: Ni dai a rubuta cewa ban faɗi duka ba, na ce jirgi yana gaba ƙara tana baya kuma haka ne

Baban Ummi: An rubuta Direba hhh. Gobe zan kai wa mai faci labarin mai baro, in ya ƙi yarda zan turo muku shi

Maman Walid: Jama'a hadari ya haɗo nan wajenmu, Walid ya tsaya bakin taga yana ƙirgawa, ta farko ya samu 15 ta biyu 9

Malam Fiziks: Daga kilomita 5 ta dawo 3 Hajiya, ku take nufowa

Maman Walid: Innalillahi ga shanyar kuɓewata a waje, ina zuwa